Bokiti Hamsin a Gidan Malam Ta-Cika

Sabulu ya rufe mini fuska har cikin kunne lokacin da shawa ta yi tari sau biyu, ta feso mini iska, ta yi shiru.

Na murɗa kan famfo dama, na murɗa hagu, na doke shi da tafin hannu. Ko ɗigo. Ƙarfe bakwai da kwata na safe, ga shi ƙarfe tara ake jirana a babban ɗakin taro na kwalejinmu in gabatar da laccar da na fi ƙwarewa a kanta, wato yawan 'yan Adam da iyakar abin da duniya za ta iya ɗauka. Shekara goma sha ɗaya ina yin ta. Ɗalibai sun daɗe da manta sunana na yanka, Malam Ta-Cika suke ce mini, saboda ba na fita daga aji sai na ɗaga yatsa na ce musu duniya ta cika.

Na lalubi tawul na ɗaura, na fito tsakar gida da ido ɗaya a rufe. Duk mutanen gidan na tarar sun kewaye rijiya. Injin da ke jan ruwa zuwa tanki yana warin ƙonewa, matata ta riga ta zare masa waya. Babban ɗana ya zura guga ya jawo, sai ga rabin guga na taɓo da wani murfin tukunya da ya ɓata tun bara.

Mu goma sha shida ne a gidan. Ni da matata da 'ya'yanmu shida. E, shida. Idan aka tambaye ni yadda aka yi mai wa'azin cikar duniya ya tara shida, nakan ce sai bayan na biyar na fara karatun fannin. Na shidan kuwa ba na amsa tambaya a kansa. Sai Inna, mahaifiyata, wadda ke wuni a kan tabarma a gindin katanga tana lura da kowa. Sai Tela, ƙanin matata, da matarsa da 'ya'yansu biyar da keken ɗinki. An rushe gidan da yake haya domin faɗaɗa titi, ya zo mana na sati biyu. Wata goma sha huɗu ke nan, su bakwai a tsohon sitonmu na bakin ƙofa.

Inna ce ta miƙo mini butarta na ɗauraye fuska. Sauran jikin haka na sa masa riga da busasshen sabulu. Ranar na yi laccar da ban taɓa yin irinta ba. Ina magana ina sosa baya da biro, ina faɗa musu mun haura biliyan takwas, ƙasa kuwa ba ƙaruwa take yi ba, ruwa ma haka. An yi ta tafi. Su suna tunanin duniya, ni kuwa duk lokacin da na ce mutane sun yi yawa, ƙofar sito nake gani.

Da na dawo da yamma na tarar da mai haƙa rijiya yana fitowa daga ciki, taɓo har ƙirji. Tsoho ne, shi ya haƙa mana ita shekara ashirin da suka wuce. Ya zauna a bakin rijiyar ya yi mini bayani a natse. Ya ce ya taɓa dutse, ba sauran inda za a ƙara zurfi da diga. Ya ce lokacin da ya haƙa ta gida huɗu ne a layin, yanzu sun wuce arba'in, kowa da ramin da yake zuƙa, ruwan kuwa a ƙasa duk ɗaya ne. Idan aka bi ta a hankali da guga, aka bar injin ya huta, za ta riƙa ba da bokiti hamsin a rana. Idan aka matsa mata, za ta koma taɓo.

Bokiti hamsin. Raina ya yi fari ƙal, don lamba aka ba ni, ni kuma da lamba ba a kayar da ni.

Kafin faɗuwar rana na tara gidan kaf a ƙarƙashin rumfar mota. Na ɗauko ƙaramin allon yara da alli. Na rubuta hamsin, na raba wa goma sha shida, ya ba da uku da 'yan kai. Na share, na raba wa tara, ya ba da biyar da rabi. Na ja layi biyu a ƙarƙashinsa. Na yi musu bayanin cewa kowane wuri yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, ko kwale-kwale ne ko makiyaya ko duniya sukutum, kuma idan aka wuce iyakar kowa ne zai nutse. Ban ambaci sunan kowa ba. Sai dai tara da goma sha shida bambancinsu bakwai ne, kuma ko autanmu ya san su wane ne bakwai.

Tela ya sunkuyar da kai yana wasa da tef ɗin awo da ke rataye a wuyansa. Matarsa ta jawo ƙaramar 'yarsu jikinta.

Matata ta bari sai da na ajiye allin, sannan ta gyara mayafi.

"Baban yara, kai kawunan mutane kake ƙirgawa," ta ce. "Ita rijiyar bokiti take ƙirgawa. A bi nata lissafin mana."

Shawarar da ta kawo mai sauƙi ce. Kwana uku ba inji, kowa ya ja da guga. Kowane ɗaki a ba shi gwangwani. Duk bokitin da aka ja, a jefa alama ɗaya a gwangwanin ɗakin da zai yi amfani da shi. Ruwan girki na kowa ne, ba a sa shi a kan kowa. Ɗakunan kuwa biyar ne: na samari, nata da 'yan mata, na Inna, sito, sai ɓangarena, inda nake kwana ni kaɗai da littattafaina da banɗakina, saboda mai nazari yana buƙatar shiru.

Dariya ta kusa ƙwace mini. Mutum ɗaya za a gwada da mutum bakwai. Na ce na amince, amma da sharaɗi, don kada a zo ana ƙorafi daga baya: ɗakin da gwangwaninsa ya fi nauyi, mutanen cikinsa su nemi wani wuri kafin ƙarshen wata. Matata ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce a kawo takarda. Ni na rubuta da hannuna, ni na fara sa hannu, da irin sa hannun da nake yi wa takardun jarrabawa, mai dogon wutsiya. Da aka zo zancen wanda zai riƙe gwangwanayen, na yi wuf na ce Inna. Uwa ce ai. Wa zai fi ta tsare mini mutunci?

Washegari Inna ta sa aka matsar da tabarmarta dab da rijiya, ta jera gwangwanayen madara biyar a gefenta ta rufe su da tsohon zani. Na fito da ƙarfina na ja bokiti uku na wanka, don wanda ya saba da shawa ba ya jin ya yi wanka da ƙasa da haka. Ta ɗaga zanin ta jefa murfin kwalba uku a babban gwangwani. Ƙwal, ƙwal, ƙwal. Na yi mata murmushi. Uku ne kacal.

Sai samarina suka zo jan ruwan wankin mota. Ta tambaye su na wa ne, suka ce na Baba. Biyar. Ina ɗaura agogo na ji ƙarar ta taga. Na leƙo na ce mata motar ai ta gida ce. Ta ce ita dai rabonta da shiga motar tun ranar da aka kai ta cire haƙori, yaran kuma da ƙafa suke zuwa makaranta saboda na ce tafiya tana ƙara lafiya. Ta jefa na biyar ɗin tana kallona.

Akwai kuma ciyawa. A gaban ɓangarena ina da wani ɗan fili, faɗinsa bai wuce tabarma shida ba, na shuka masa koriyar ciyawa irin ta gaban ofisoshi. Ita ce abin alfaharina. Da tiyo nake ba ta ruwa, ban taɓa sanin nawa take sha ba sai ranar da na ɗauka da hannu. Bokiti takwas, kuma ko a jikinta. Na ce wa Inna wannan kam adon gida ne, na kowa da kowa. Ta nuna mini ɗan allon da ni da kaina na kafa a gefen ciyawar, wanda na rubuta cewa ba a takawa. Ta ce ita ba ta iya karatu ba, amma ta ga wanda aka ja wa kunne a kan allon nan.

Fankar ɗakina irin mai shan ruwan nan ce, ta sha biyu. Fararen rigunana, waɗanda ba a haɗa wankinsu da na kowa, uku. Wankan yamma, uku. Da Inna ta tashi tattara kaya ta ɗaga gwangwanina ta ɗan girgiza shi kusa da kunnenta, kamar mai gwada kwakwa. Na lissafa a zuci na samu ashirin da huɗu. Kusan rabin rijiyar, ni kaɗai.

Amma na lallashi kaina. Mutum bakwai ne a sito, biyar yara, yara kuwa ɓarnar ruwa ce sana'arsu. Duk tsiya sun sha talatin.

Duk da haka a rana ta biyu na ɗauki mataki. Na ce a bar mota da ƙurarta. Na fesa turare na fita ba wanka, tawul da sabulu a cikin jakar takardu. Ina isa kwaleji na shige banɗakin malamai, na ari bokitin mai shara, na cika shi sau biyu na yi wankana a tsaye a tsakanin masai da ƙofa, wandona a rataye a kan mariƙin taga. Ina buɗe ƙofa na ci karo da mai sharar, wata dattijuwa mai kaifin baki, da tsintsiya a hannu, ga malamai biyu a bayanta suna jiran layi. Ta dubi ƙasan da ya jiƙe, ta dubi gashina. Ta ce ruwan nan da tankar mota ake kawo shi sau ɗaya a sati, malamai arba'in ke amfani da shi, kuma ita tana jin laccata ta taga kullum, ba ta taɓa jin inda na ce idan na gidanka ya ƙare ka je ka shanye na wasu ba. Ɗaya daga cikin malaman ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa.

Da na koma gida Inna ta ƙare mini kallo tun daga ƙofa. Ta ce na fita da fuskar wanda bai yi wanka ba, na dawo ina sheƙi. Na ce a wurin aiki na ɗan watsa. Ta tambayi bokiti nawa. Na ce wannan ba daga rijiyarmu ba ne, bai shiga lissafi ba. Ta ce ruwa dai daga ƙasa yake fitowa, ƙasar kuma ba ta ga inda aka yanka ta ba. Ƙwal, ƙwal.

Na yi niyyar barin ciyawar da ƙishi. Wallahi na yi niyya. Amma da na ga bakin ganyenta ya fara yin ruwan ƙasa sai zuciyata ta karye, na ɗauki bokiti. Takwas. Fanka biyu. Ranar da na yi tsimi ke nan, goma sha biyu.

A hanyata ta mayar da bokiti na wuce ta ƙofar sito, labulen a ɗage. Wata goma sha huɗu suna gidana ban taɓa tsayawa na duba ciki ba. Matar Tela ta tsayar da yara uku a cikin baho ɗaya tana yi musu wanka da kofi, bokiti guda. Da ta gama ba ta zubar da ruwan bahon ba, ta tsoma kayan makarantarsu a ciki. Da ta gama wankin ta goge daɓe da shi. Abin da ya rage ta juye a wani tsohon bokitin fenti ta kai banɗaki. Ruwa ɗaya, aiki huɗu. Ni da nake da babi guda a kan wannan a littafin da nake koyarwa da shi, ban taɓa ganin an yi shi ba sai ranar.

A can ƙurya Tela yana kan keke, amma ba riga yake ɗinkawa ba. Buhunan shinkafa yake farkewa yana haɗa su manyan jakunkuna. Uku ya riga ya cika ya jingina da bango. Ashe shi bai ma jira ƙidaya ba. Ya ga Malam ya rubuta a allo, ya ja layi biyu, to magana ta ƙare.

Mutumin kirki da ya ga haka zai je ya yaga takardar. Ni abin da na fahimta shi ne gwangwaninsu ba zai kai nawa ba ko kusa, kuma sa hannuna ne a saman takardar, mai dogon wutsiya.

Na je wurin Inna na durƙusa, na tambayi lafiyar gwiwarta, na ce zan sayo mata sabon man shafawa. Sannan na gangaro kan maganar, na tuna mata ni fa ɗanta ne, idan na bar gidan nan wa zai kula da ita. Ta ce mu tara ta haifa, a ɗaki ɗaya ta raine mu da tulu biyu na ruwa a rana, kuma tun ina jariri ni kaɗai nake shan nonon mutum biyu. Ta ce in tashi, ina tare mata iska.

Rana ta uku Asabar ce, ba aiki. Na sha alwashin bokiti uku kawai, na kuma cika. Na kwanta a ɗaki ba fanka ina gumi ina lissafi. Ashirin da huɗu, da goma sha biyu, da uku, talatin da tara. Ko yaya na juya shi, talatin da tara yake fitowa. Da rana ta take, gidan ya yi tsit, na leƙa ta taga. Inna ta miƙe a tabarma ta rufe fuska da gefen mayafi. Matata tana ɗaki, yara sun tafi ƙwallo.

Na cire takalmi na fita da sanɗa, mutum mai digiri biyu, cikina yana gaba ina biye. Na tsuguna na ɗaga zanin. Na gane gwangwanin sito, don Inna ta ɗaura masa ƙyallen atamfa. Na cika hannu da murafu daga nawa, a hankali don kada su yi ƙara, na buɗe nasu na zuba.

Sai da na zuba na duba. Maɓallan riga ne a ciki. Na buɗe na samari, wake. Na 'yan mata, tsakuwa. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta ba kowane ɗaki irin alamarsa, ni kuwa murafun kwalaben lemon da ni kaɗai nake sha a gidan ta zaɓa mini. Ga su nan zaune a kan 'yan maɓallan Tela, suna ƙyalli.

"Yaya."

Na waiga. Tela ne a tsaye a bayana da bokitin fenti a hannu. Ya dubi gwangwanin, ya dubi hannuna. 

"Bar su kawai, Yaya," ya ce da ƙaramar murya don kada ya tashi Inna. "Ai ko ba ka zuba ba mu ne za mu tafi, mu bakwai ne. Sai dai murfi zai nuna. Tsaya in kawo maka maɓalli."

Ya ajiye bokitin ya shiga sito. Na ji yana jan aljihun keke. Ya dawo da maɓallai cike da tafin hannu, farare da baƙaƙe, har da wasu masu ruwan zinariya na rigar wani kwastoma, ya buɗe hannuna ya juye mini. Ya ce ashirin ne, idan ba su isa ba akwai wasu. Ya ce kada in damu, ya yi magana da wani abokinsa mai shago, zai bar su su riƙa kwana a ciki idan an rufe, kafin Allah ya kawo mafita. Abin da ba ya so shi ne a ce mai gida ya bar gidansa saboda su, ina zai sa kansa.

Na tsaya da maɓallan a hannu. Suna da ɗumi, daga hannunsa.

"Zuba mana," in ji Inna daga ƙarƙashin mayafi, ko motsi ba ta yi ba. "Ina so in ga iya inda karatun ya tsaya."

Na mayar wa Tela maɓallansa. Na tsince murafuna ɗaya bayan ɗaya na mayar da su gwangwanina, kowanne da ƙararsa. Ban taɓa sanin murfin kwalba yana da amo haka ba. Kafin in gama, matata tana tsaye a ƙofar ɗakinta ta harɗe hannu.

Da yamma aka yi ƙidaya a ƙarƙashin rumfar mota, a kan allon da na yi nawa lissafin. Babbar 'yata ce ta riƙe alli. Inna, huɗu. Samari, ashirin da biyar. Matata da 'yan mata, talatin. Sito, mutum bakwai a kwana uku, ashirin da biyu. Da aka zo kan nawa sai aka juye shi a faranti, ƙarar ta sa kajin maƙwabta suka amsa. Talatin da tara. 'Yata ta ja layi biyu a ƙarƙashinsa, irin nawa sak. Ban san lokacin da ta koya ba.

Na yi ƙoƙarin cewa kwana uku sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu, a kimiyyance ana buƙatar aƙalla wata guda. Matata ta ce ba laifi, a ƙara wata guda, amma a mayar da mota da wankan yamma yadda suke da. Na janye maganar. Ta zaro takardar daga cikin zaninta ta karanta ta da ƙarfi, a hankali, har da kwanan wata.

To, namiji ba ya jiran ƙarshen wata. Na tashi na shiga ɗaki, na zuba riguna uku da littafi biyu a jaka, na fito. Na ratsa tsakar gida a hankali yadda kowa zai samu damar riƙe ni. Ba wanda ya riƙe ni. Na tsaya na gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Na isa ƙofa na buɗe ta da ƙara, na tsaya a waje ina duban titi kamar mai jiran mota. Daga ciki ina jin samarina suna gardamar wanda zai gaji ɗakina, ƙaramin yana tambaya ko yanzu an halatta taka ciyawa.

Na fi minti ashirin a wurin. Na gaisa da mai kanti sau biyu.

Tela ne ya fara fitowa, ya kama jakar yana roƙona in yi wa Allah in dawo. Na riƙe ta da ɗan ƙarfi, daidai yadda ba za ta ƙwace da wuri ba. Sai ga matata ta tsaya a bakin ƙofa.

"Bokiti uku a rana, kamar kowa," ta ce. "Mota, tsumma ya ishe ta. Ciyawa, gobe a tuge ta. Manyan yaran Tela su koma ɗakinka, littattafai a sa a kwali."

Na tambaye ta ni kuma ina zan kwana. Ta ce 'yan mata za su koma wurin Inna, akwai wuri a ɗakinta, idan na iya kwana ba shiru. Daga can ciki Inna ta ɗago murya ta ce a dai yi a hankali, ita ba ta da sauran gwangwani na mutum na goma sha bakwai.

Na so in yi jinkiri ko na minti ɗaya don mutunci, amma bakina ya riga ni, na ce na yarda tun ba ta rufe nata ba. Tela ya saɓa jakata a kafaɗa yana ta godiya, shi da aka kusa kora yana gode wa wanda ya kusa korarsa. Na ce masa gobe ya farke jakunkunan nan, a ajiye buhunan, za su yi amfani wajen kwashe ciyawa.

Na ɗaga ƙafa zan shiga ke nan sai ƙasa ta fara rawa. Wata ƙatuwar motar haƙa rijiyar burtsatse ce ta shigo layin, ta cika shi bango da bango, a bayanta an ɗora wani dogon ƙarfe kamar hasumiya a kwance, da tulin bututu. Ta wuce mu kaɗan ta tsaya a gaban kangon da ke manne da katangarmu. Wata farar mota ƙarama ta tsaya a bayanta, wani mutum ya fito, mai ƙiba, da hular kwano a kai da takardu a naɗe a hammata. Bai taɓa shigowa layinmu ba, da na san shi.

Ya miƙo mini hannu da fara'a, ya ce shi ne sabon maƙwabci, ya sayi kangon, zai kafa 'yar masana'antar ruwan kwalba, ba wata babba ba, mota goma a rana don farawa. Ya leƙa ta kan kafaɗata ya hango rijiyarmu, da Inna a gefenta tana mayar da wake cikin gwangwani.

"Kai ne mai gidan?" ya tambaya.

Na dubi matata. Ta ce e, ni ne.

"Madalla. Rijiyar nan taku, zurfinta nawa ne?"

Na ce mita goma sha biyu.

Ya jinjina kai cikin tausayawa, ya zaro biro ya rubuta a bayan takardarsa, sannan ya juya ya yi wa direban babbar motar alama da hannu ya matso da ita jikin katangar.

"Mu mita ɗari da hamsin za mu sauka," ya ce. "Da safe za mu fara. Ko za a taimaka wa ma'aikatana da bokiti biyu su wanke hannu?"